Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga 'Yar'uwar da Ta Tambaye Ni Game da Aljanu da Amsar Addu'a

'Yar'uwata cikin Almasihu,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu, tare da fatan ke da iyalinki kuna lafiya, da kuma fatan mai jiki yana samun sauƙi. A lokacin tambaya da amsa na taron nazarin Littafi Mai Tsarki kin miƙe a gaban jama'a kin yi mini tambaya, lokaci kuwa bai isa in amsa ta yadda ta cancanta ba. Da yake a bainar jama'a kika yi ta, kuma mutane da dama suna ɗauke da irinta a zuci ba su furta ba, na ga ya dace amsar ma ta fito fili. Ba zan ambaci sunanki ba, ko na ƙanenki.

Ga abin da kika ce a taƙaice. Ƙanenki saurayi ne mai bi, an yi masa baftisma, yana kuma fama da faɗuwa tun yana ƙarami: sai ya yanke jiki ya faɗi, ya sanƙare, bakinsa yana kumfa. An kai shi wurin addu'ar fitar da aljanu ba sau ɗaya ba, aka ce aljan ne, daga baya kuma aka ce ya daina shan maganin asibiti domin shan magani alamar shakka ce. Ya daina, ciwon ya tsananta, sai aka ce bangaskiyar gidanku ce ta kasa. Kika tambaya ko mai bi na iya zama da aljan a cikinsa, kika kuma tambaya me ya sa, idan Allah yana amsa addu'a kamar yadda ake ba da shaida kowace Lahadi, taku addu'ar ba ta samu amsa ba.

Kafin maganar tauhidi akwai abin da ba ya jira, wato ƙanenki ya koma wurin likita cikin gaggawa. Alamun da kika bayyana sun yi kama da na farfaɗiya, ko da yake likita ne zai tabbatar. Farfaɗiya ciwo ne na ƙwaƙwalwa, inda saƙonnin da jijiyoyinta suke aika wa juna suke rikicewa na ɗan lokaci, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan miliyan 50 ne suke da ita, cewa kuma har kashi 70 cikin ɗari na iya rayuwa ba tare da faɗuwa ba idan an gano ciwon aka ba su maganin da ya dace. Yanke wannan magani farat ɗaya yana iya jawo faɗuwa mai tsawo wadda ba ta tsayawa da kanta, irin wadda take kisa. Duk wanda ya ce wa mai farfaɗiya ya ajiye maganinsa domin ya nuna bangaskiya, ya ɗora wa kansa alhakin rai, ko ya sani ko bai sani ba.

Kada ki ɗauka cewa da wannan magana na shiga sahun masu musun aljanu. Akwai malaman tauhidi da suka yi hakan, mafi shahara a cikinsu shi ne Rudolf Bultmann na ƙasar Jamus, wanda a 1941 ya koyar cewa mutumin da yake amfani da wutar lantarki da rediyo da magungunan zamani ba zai iya kuma gaskata duniyar ruhohi ta Sabon Alkawari ba. Tarihi bai goyi bayansa ba, domin ikkilisiyoyin da suka fi bunƙasa tun daga lokacin su ne waɗanda suka fi ɗaukar maganar ruhohi da muhimmanci, membobinsu kuwa suna amfani da lantarki da rediyo da waya kamar kowa. Nassi ma bai goyi bayansa ba. Mu'ujiza ta farko da Markus ya rubuta ita ce fitar da ƙazamin ruhu daga wani mutum a majami'ar Kafarnahum, a sura ta 5 kuma akwai mutumin ƙasar Garasinawa da yake zama a makabarta, yana tsinke sarƙoƙi, yana yanka jikinsa da duwatsu. Yesu da kansa ya ce fitar da aljanu da yake yi da Ruhun Allah alama ce ta cewa Mulkin Allah ya iso. Wanda ya cire wannan daga Linjila ya cire babban sashe na aikin Almasihu. Na gaskata akwai Shaiɗan, akwai miyagun ruhohi, na kuma gaskata an ci nasara a kansu a bisa gicciye, kamar yadda Kolosiyawa 2:15 ta faɗa.

Amma gaskata cewa akwai aljanu dabam ne da iya cewa wane yana da aljan, kuma a nan ne ikkilisiyoyi da yawa suke tuntuɓe. Marubutan Linjila ba su ɗauki kowane ciwo a matsayin aikin aljan ba. A Matiyu 4:24, inda aka lissafa waɗanda ake kawo wa Yesu, an ambaci masu aljanu dabam, masu farfaɗiya dabam, shanyayyu dabam. Surukar Bitrus zazzaɓi ne ya kwantar da ita, kutare kuturta ce ta kama su, matar da ta yi shekara 12 tana zubar da jini ba a ce aljan ne ya shige ta ba. Sa'ad da almajirai suka ga mutumin da aka haifa makaho suka tambaya ko shi ne ya yi zunubi ko iyayensa, Yesu ya ce ba shi ba ne, ba kuma iyayensa ba. Mutanen ƙarni na farko, waɗanda ba su da na'urar auna ƙwaƙwalwa, sun san akwai bambanci, saboda haka abin kunya ne mu da muke da ita mu kasa yin wannan bambanci.

Na san ayar da za a kawo mini, domin ita ce ake karantawa a kan mutane irin ƙanenki. A Markus sura ta 9 wani uba ya kawo ɗansa wanda yake faɗuwa, yana kumfa, yana cizon haƙora, yana sanƙarewa, Yesu kuwa ya tsawata wa ruhun ya fita. Ba zan ɓoye wannan ba: a game da wannan yaro, nassi ya ce ruhu ne. Sai dai labarin mutum ɗaya ba ya zama hukunci a kan mutum miliyan 50, kamar yadda matar nan da Luka ya ce Shaiɗan ya ɗaure shekara 18 har ta tanƙware ba ta sa kowane mai ciwon baya ya zama mai aljan ba. Abin da ya fi muhimmanci gare ki shi ne ki lura da wanda aka ɗora wa laifi a labarin. Almajirai sun gwada sun kasa. Uban yaron ya fito fili ya ce ya ba da gaskiya, amma a taimaki rashin bangaskiyarsa, Yesu kuwa bai ce masa ya je ya ƙaro bangaskiya ya dawo ba, ya warkar da yaron nan take. Da almajirai suka tambaya a keɓe dalilin kasawarsu, Matiyu 17:20 ta ce ƙarancin bangaskiyarsu su ne dalili, Markus kuma ya ce irin wannan ba ya fita sai da addu'a. Wato idan har za a yi maganar ƙarancin bangaskiya bisa ga wannan labari, masu yin addu'ar ne maganar ta hau kansu. Waɗanda suka ce bangaskiyar gidanku ce ta kasa sun juya nassin baibai, suka ɗauki nauyin da yake nasu suka ɗora wa marar lafiya da iyayensa.

Ki kuma dubi yadda Yesu yake yin abin. Da kalma ɗaya ko biyu yake ba da umarni, ruhun ya fita, mutumin ya koma cikin hankalinsa. Babu duka, babu ɗauri, babu hana mutum abinci, babu kuɗi, babu komawa mako bayan mako ana fitar da aljan guda. Sau da yawa yakan hana aljanun magana, maimakon ya tsaya yana yi musu tambayoyi domin jama'a su ji. A labarin yaron nan ma, Markus ya ce da Yesu ya ga taro yana sheƙowa a guje sai ya tsawata wa ruhun, bai jira taron ya cika ba. Bulus a Filibi ya haƙura kwanaki da yawa da baiwar nan mai ruhun duba kafin ya juya ya yi magana sau ɗaya, abin ya ƙare. Idan an yi wa mutum addu'ar fitarwa sau da yawa da sunan Yesu, alamun kuma suna nan yadda suke, hankali da bangaskiya duka suna nuna abu guda: sunan Yesu bai gaza ba, masu binciken ne suka yi kuskuren gane abin da yake damun mutumin.

Game da ko mai bi na iya zama da aljan, Kirista ba su yi baki ɗaya ba, kuma ya kamata ki san haka. Har a cikin 'yan Fentikos, waɗanda farkawarsu ta zamani ta yi ƙarfi daga titin Azusa a birnin Los Angeles a 1906, akwai saɓani. Ikkilisiyar Assemblies of God ta Amurka ta fitar da matsayinta a 1972 cewa wanda aka haifa ta Ruhu ba zai zama mallakar aljan ba, yayin da masu wa'azi irin su Derek Prince suka koyar cewa mai bi na iya ɗauke da aljan a wani sashe na rayuwarsa har sai an fitar. Akwai kuma Furotesta da yawa, musamman masu bin koyarwar Kalbin, da suke ganin baiwar al'ajibai ta musamman ta ƙare da zamanin manzanni, ko da yake ba sa musun cewa Shaiɗan yana aiki. Ni ina tare da masu cewa mai bi ba ya zama mallakar aljan. Jikinsa haikali ne na Ruhu Mai Tsarki, an tsamo shi daga ikon duhu an maishe shi ga mulkin Ɗan, kuma wanda yake cikinsa ya fi wanda yake cikin duniya girma. Ana iya jarabtarsa, a tsananta masa, a ruɗe shi, shi ya sa aka ce kada mu ba Iblis ƙofa, mu yi tsayayya da shi zai kuwa guje mana. Hujjar da ta fi gamsar da ni ita ce shirun wasiƙun manzanni. Ikkilisiyar Koranti ta cika da tsattsaguwa da fasikanci da maye a wurin Jibin Ubangiji, amma Bulus bai taɓa ce musu su shirya taron fitar da aljanu daga membobinsu ba, ya ce su tuba, su hori mai laifi, su ƙaunaci juna. A Galatiyawa sura ta 5 ya kira fushi da kishi da fasikanci ayyukan jiki. Wannan al'ada ta laƙaba wa kowane hali aljaninsa, a ce ga ruhun fushi, ga ruhun talauci, ga ruhun rashin aure, tana sauƙaƙa wa mutum guje wa tuba, tana kuma sa wanda bai yi laifin komai ba ya riƙa zargin kansa.

Ikkilisiya ta daɗe da sanin cewa wannan hidima tana da haɗari, shi ya sa ta kafa mata shinge. A wajen shekara ta 251, Bishop Karniliyas na Roma ya lissafa ma'aikatan ikkilisiyarsa a wata wasiƙa, inda bayan dattawa 46 da dikinoni 7 ya ambaci mutum 52 da suka haɗa da masu fitar da aljanu da masu karatu da masu tsaron ƙofa. Wato aiki ne sananne, mai tsari, a ƙarƙashin shugabanci. Majalisar shugabannin ikkilisiya da ta zauna a Lawudikiya a ƙarni na huɗu ta hana duk wanda bishop bai naɗa ba yin wannan aiki, ko a majami'a ko a gida. Cocin Ingila ya kafa doka a 1604 cewa limami ba zai gwada fitar da aljan ba sai da izinin bishop. Cocin Katolika, wanda littafinsa na wannan hidima ya fito a 1614 aka kuma sabunta shi a 1999, har yau dokarsa ita ce firist ba ya yin babbar addu'ar fitarwa sai da izini na musamman daga bishop, koyarwarsa kuma ta ce ciwo, musamman na taɓin hankali, aikin likitoci ne, dole ne a tabbatar ba ciwo ba ne kafin a fara. Ba lallai mutum ya zama ɗan Katolika ko ɗan Angilikan ba kafin ya ga hikimar da take cikin wannan.

Inda aka yi sakaci da shingen, an ga abin da ya biyo baya. A Ingila a 1974 wani mutum da aka kwana ana yi masa addu'ar fitar da aljanu ya koma gida da safe ya kashe matarsa, shekara guda bayan haka bishop-bishop na Cocin Ingila suka fitar da ƙa'idoji: a yi aikin tare da likitoci, a yi shi cikin addu'a ba tare da talla ba, gogaggun mutane da aka ba izini su yi shi, a kuma ci gaba da kula da mutumin daga baya. A Jamus a 1976 wata budurwa mai suna Anneliese Michel, 'yar shekara 23, wadda likitoci suka riga suka gano tana da farfaɗiya, ta mutu saboda yunwa da ƙishirwa bayan an yi mata addu'ar fitarwa sau 67 cikin kusan wata goma, an kuma bar zuwa wurin likita. A 1978 kotu ta sami iyayenta da firistoci biyu da laifin sakacin da ya jawo mutuwa. Iyayen nan ba miyagu ba ne, suna ƙaunar 'yarsu, sun kuma gaskata suna yin abin da ya dace. Shi ya sa na fara da maganar likita.

Yanzu ga tambayarki ta biyu, wadda na san ita ce ta fi ci miki rai. Allah yana amsa addu'a, ban kuwa faɗi haka don in faranta miki ba. Yesu ya ce mu roƙa za a ba mu, ya ce duk abin da muka roƙa cikin sunansa zai yi. Amma Littafin da ya ɗauki waɗannan alkawarai shi ne kuma ya ɗauki labarin Bulus, wanda ya roƙi Ubangiji sau uku a cire masa ƙaya a jiki, aka ce masa alherin Allah ya ishe shi, ƙayar kuwa ta zauna. Bulus ɗin da aka riƙa kai ƙyallayen da suka taɓa jikinsa ga marasa lafiya a Afisa suna warkewa, shi ne ya rubuta cewa ya bar Tarofimas a Militas ba shi da lafiya, shi ne ya shawarci Timoti a kan abin da zai sha saboda cikinsa da yawan laulayinsa, shi ne kuma ya kira abokin tafiyarsa Luka ƙaunataccen likita. Dawuda ya yi azumi ya kwanta a ƙasa saboda jaririnsa, yaron ya rasu. A Getsamani Ɗan Allah da kansa ya roƙa a ɗauke masa ƙoƙon wahala, ya ƙara da cewa ba nufinsa ba sai na Uba, aka kuwa gicciye shi. Babu mai iya cewa ɗaya daga cikin waɗannan ƙarancin bangaskiya ne ya hana shi samun abin da ya roƙa. Yohanna ya haɗa ɓangarorin biyu sa'ad da ya ce gaba gaɗinmu shi ne, in mun roƙi wani abu bisa ga nufinsa yana jinmu.

Surar da nake so ki karanta a natse ita ce Ayyukan Manzanni 12. Kowa ya san rabinta na biyu: an kulle Bitrus a kurkuku, ikkilisiya ta dage da addu'a, mala'ika ya zo, sarƙoƙi suka zube, ƙofar ƙarfe ta buɗe da kanta. Amma surar ta fara ne da cewa Hirudus ya kashe Yakubu ɗan'uwan Yohanna da takobi. Manzanni biyu, ikkilisiya ɗaya, sarki ɗaya, aka kashe wannan aka kuɓutar da wancan, Luka kuwa bai ba da dalili ba, bai kuma ce Yakubu ya gaza a wani abu ba. Ga wani abin da ya kamata ya sa mu tawali'u: da Bitrus ya ƙwanƙwasa ƙofa, baiwar nan Roda ta ruga ta faɗa wa masu addu'ar, sai suka ce mata ta haukace. Mutanen da aka amsa wa addu'a ba su ma gaskata an amsa ba. Idan da ƙarfin bangaskiyar masu roƙo ne ma'auni, da Bitrus bai fita ba. Ibraniyawa sura ta 11 ma haka take, ta lissafa waɗanda ta wurin bangaskiya suka rufe bakin zakoki suka tsere wa kaifin takobi, ba tare da ta sauya numfashi ba ta lissafa waɗanda aka jajjefe, aka tsaga da zarto, aka kashe da takobi, ta ce dukansu an yaba musu saboda bangaskiyarsu.

Laifin da nake gani a rayuwar ikkilisiyoyinmu shi ne, lokacin ba da shaida ya zama na Bitrus kaɗai. Wanda ya warke yakan hau gaba a tafa masa, wadda ta yi shekaru tana roƙon haihuwa ba ta samu ba tana zaune a baya tana tambayar kanta wane zunubi ta yi. Ba na cewa a daina ba da shaida, domin wanda Allah ya yi wa alheri ya wajaba ya gode a fili. Ina cewa shaidar da ba ta da wuri domin iyalin Yakubu rabin gaskiya ce, rabin gaskiya kuwa idan aka maimaita ta kowane mako sai ta koya wa mutane ƙarya, wato cewa kowane mai bi na ƙwarai yana samun abin da ya roƙa. George Müller, wanda ya riƙe marayu fiye da 10,000 a birnin Biristol ba tare da ya roƙi kowa kuɗi ba sai Allah, ana yawan ba da labarinsa a matsayin gwarzon amsar addu'a. Ba a cika faɗa ba cewa a 1870 matarsa ta fari ta kwanta ciwo, ya yi addu'a, ta rasu, shi da kansa kuma ya yi wa'azi a kan rasuwarta yana shaida cewa Allah nagari ne, mai aikata nagarta.

Shaida kuma tana bukatar gaskiya ta wani gefen. Agustin, bishop na Hippo a Arewacin Afirka, da farko yana ganin zamanin al'ajibai ya kusan wucewa, daga baya ya sauya ra'ayi saboda abin da ya gani, har ya ce an rubuta warkarwa kusan 70 cikin shekara biyu a garinsa. Abin koyi a nan shi ne ya sa a riƙa rubuta su, da sunan mutum da abin da ya faru, a karanta a gaban waɗanda suka san shi. A Lourdes, wurin ziyarar ibada na 'yan Katolika a ƙasar Faransa, inda marasa lafiya suke tururuwa tun 1858, akwai ofishin likitoci da aka kafa a 1883 domin binciken masu cewa sun warke, kuma daga cikin rahotanni wajen 7,000, guda 70 kacal Cocin Katolika ya amince da su a matsayin mu'ujiza zuwa shekarar 2018. Ko mutum ya yarda da Lourdes ko bai yarda ba, wannan taka-tsantsan ya fi abin da muke yi, inda ake shelar warkarwa a daren taro, ba wanda ya koma bayan wata guda ya ga ko mutumin yana nan da lafiyarsa. Yesu da ya warkar da kuturu ya aike shi ya nuna kansa ga firist, wanda a Shari'ar Musa shi ne mai duba ciwon ya tabbatar. Warkarwa ta gaskiya ba ta tsoron gwajin asibiti.

Wasu sun yi ƙoƙarin auna addu'a da ma'aunin kimiyya. A 2006 an wallafa sakamakon wani babban bincike a Amurka a kan mutum 1,802 da aka yi wa tiyatar zuciya, inda aka sa wasu ƙungiyoyi su yi wa wani kaso addu'a, ba a kuwa ga bambanci tsakanin waɗanda aka yi wa da waɗanda ba a yi wa ba. Wannan bai girgiza ni ba, domin addu'a roƙo ne ga Uba mai nasa nufi, kuma wanda ake roƙo yana iya cewa i, ko a'a, ko ba yanzu ba. Abin da ya ba ni tsoro shi ne kamannin da na gani tsakanin masu binciken da wasu masu wa'azinmu, domin dukansu sun ɗauka cewa idan aka zuba adadi kaza na addu'a dole sakamako kaza ya fito. Monika, mahaifiyar Agustin, ta yi kuka tana roƙon Allah kada ɗanta ya tafi Roma, ya kuwa yaudare ta ya shiga jirgin ruwa da dare ya tafi. A can Italiya ne ya ji wa'azin Ambros, bishop na Milan, ya tuba, aka yi masa baftisma a 387. Daga baya ya fahimta cewa Allah ya ƙi abin da ta roƙa a wannan dare domin ya ba ta abin da take roƙo kullum. Ba na kawo wannan don in ce na san abin da Allah yake shiryawa game da ƙanenki. Abokan Ayuba sun yi ta bayyana dalilin wahalarsa da tabbaci, a ƙarshe Allah ya ce ba su faɗi gaskiya game da shi ba, ni kuwa ba na so in shiga layinsu.

Abin da zan iya faɗa da tabbaci shi ne, magani da addu'a ba kishiyoyi ba ne. Allah ya aiko Ishaya ya gaya wa sarki Hezekiya cewa an ji addu'arsa, an ƙara masa shekara 15, annabin nan kuma shi ne ya ce a kawo curin ɓaure a manna a kan marurun da ya kwantar da sarkin. Idan ƙanenki ya koma kan magani faɗuwar ta tsaya, wannan amsar addu'a ce, ya kuma cancanci a ba da shaidarsa a gaban ikkilisiya kamar kowace warkarwa. Idan likita ya ce zai sha maganin shekaru, ya sha da godiya, kada ya rage ko ya daina sai da shawarar likitan.

Ku kira dattawan ikkilisiya su zo gida su yi masa addu'a suna shafa masa mai da sunan Ubangiji, kamar yadda Yakubu 5:14 ta umarta, a natse, ba tare da taro ko ihu ba, ba kuma tare da an sa shi ya furta cewa yana da aljan ba. Saurayin da aka daɗe ana gaya masa cewa akwai mugun ruhu a cikinsa yana bukatar ya ji daga bakin shugabannin ikkilisiya cewa shi ɗan Allah ne, yana da wuri a teburin Ubangiji, ciwonsa kuma ba ya yaɗuwa ta taɓawa ko ta yawu, saboda haka babu dalilin da zai sa a guje shi. Ku koya wa 'yan gida da abokan zamansa a majami'a abin da za su yi idan ya faɗi: a kawar da abin da zai ji masa rauni, a sa abu mai laushi a ƙarƙashin kansa, a juya shi ya kwanta a gefe guda, kada a danne shi, kada a sa masa komai a baki, kada a ba shi ruwa sai ya farfaɗo sarai, idan kuma abin ya wuce minti biyar ko ya sake dawowa kafin ya farka, a garzaya da shi asibiti. Wanda yake so ya yi addu'a a wannan lokaci ya yi, amma hannunsa yana aikin da na faɗa.

Game da waɗanda suka ce ya daina magani, ina roƙonki ki sanar da shugabannin ikkilisiyarku abin da ya faru, cikin ladabi amma ba tare da ɓoye komai ba, domin akwai wasu marasa lafiya da za a kai musu bayan ƙanenki. Ki gaishe mini da iyayenku, ki gaya musu ina tuna su cikin addu'a, ki kuma sanar da ni abin da likita ya ce.

Ɗan'uwanki cikin hidimar Almasihu.